Benidorm, garin da ke sayar da rana: abin da muka gani, da abin da ɗan kasuwa zai sani kafin ya ɗaure akwati

Jama'a masu karatu, musamman iyayenmu mata na kasuwa da alhazai masu fatauci, tun ranar da muka taɓo labarin tafiyarmu ƙasar Sipaniya a gidan rediyo wayarmu ba ta huta ba. Wannan ya ce nawa ne kuɗin biza, wancan ya ce da gaske ne ana samun takalmin fata da araha, wata baiwar Allah kuma daga Tawa cewa ta yi ɗanta ya hana ta barci, wai ta sayar da filinta ta tura shi can. Minti 30 na shiri ba su isa a amsa wa kowa ba, shi ya sa muka ga ya dace mu zauna mu rubuta shi dalla-dalla, wanda ya karanta ya karanta wa maƙwabcinsa na rumfa.

Ba yawon buɗe ido ya kai mu ba. Gwaggonmu ce, ƙanwar mahaifinmu, mai sayar da takalma a babbar kasuwar Maraɗi sama da shekara 20, wadda ta san Kano da Kwatano da Dubai kamar tafin hannunta, aka ba ta labarin wani gari da ake kira Elce a gabashin Sipaniya, inda masana'antun takalmin fata suka yi yawa. Tana buƙatar muharrami, tana buƙatar tafinta, sai ta tuna tana da ɗa mai Faransanci da ɗan guntun Sipaniyancin da ya koya a lise. Muka tashi makonni biyu bayan sallar layya ta 2025. Ashe lokacin ya dace da bikin ƙona gumakan kwali da birnin Alikante ke yi kowace shekara daga 20 zuwa 24 ga Yuni, ɗakunan otel na birnin duk sun cika. Da haka ne muka tsinci kanmu a Benidorm, wani gari na bakin tekun Bahar Rum mai tazarar kilomita 45 daga Alikante, inda ɗakin kwana ba ya ƙarewa.

Takardu kafin tike

Mu fara da biza, tunda ita ce ƙofar. Sipaniya tana cikin ƙasashen Shengen, kuma tana da ofishin jakadanci a Yamai. Tun watan Yuni na 2024 kuɗin neman biza yuro 90 ne ga baligi, ke nan jika 59 na sefa, domin yuro ɗaya sefa 655,957 ne cif, ba ya hawa ba ya sauka kamar naira. A lura, kuɗin nema ne, ba kuɗin samu ba: in an hana ka ba a mayar maka da ko dala. Fasfo ya kasance da sauran ransa aƙalla wata 3 bayan ranar da za ka baro can, da shafi biyu da ba a taɓa ba. Sai inshorar lafiya da za ta ɗauki nauyin har yuro 30.000, sai shaidar otel, da tiken zuwa da dawowa, da takardar banki mai nuna shiga da fitar kuɗi na watannin baya. Ga ɗan kasuwa, rajistar kasuwanci da lambar NIF da takardun biyan haraji sun fi kowace rantsuwa amfani, don abin da suke son gani shi ne kana da abin da zai maido ka gida. Ana iya ajiye takardu tun saura wata 6 a yi tafiya, kuma kada a bari sai saura ƙasa da kwana 15.

A nan ne muke da magana da iyayenmu mata. Da yawa cikinku jarinku ya fi na ma'aikacin gwamnati sau goma, amma yana cikin adashe, yana cikin kaya, yana ƙarƙashin katifa. Mai duba takarda ba ya ganin ƙarƙashin katifa. Gwaggo kanta sai da ta yi wata shida tana kai cinikinta banki kafin ta nemi biza. Wanda kuma ya zuba miliyan 5 rana ɗaya cikin asusun da ya shekara babu motsi, to ya gaya musu da bakinsa cewa aro ya yi. Masu tare mutane suna cewa a ba su jika 500 su fito da biza, ku bar su da halinsu. Takardar bogi ɗaya tana iya rufe maka ƙofar ƙasashen Shengen baki ɗaya.

Daga Yamai muka bi ta Kasablanka muka sauka Madrid. Biza a fasfo ba ta nufin an shiga. Ɗan sandan iyaka ya tambaye mu ina za mu kwana, yaushe za mu koma, nawa ke hannunmu. Dokar Sipaniya ta yanka abin da baƙo zai nuna: a 2025 yuro 118,40 ne kowace rana ga mutum ɗaya, kuma komai gajartar zaman bai kamata ya gaza yuro 1.065,60 ba, wato kusan jika 700. Adadin yana bin mafi ƙarancin albashin ƙasar, in an ƙara albashi shi ma sai ya hau, don haka a tambaya kafin a tashi. Takardun nan duka a riƙe su a hannu, a buga su bisa takarda, kada a ce suna cikin waya ko cikin akwatin da ke ƙasan jirgi. Bayan dawowarmu, daga 12 ga Oktoba 2025, ƙasashen Shengen suka soma wani sabon tsari na ɗaukar hoton fuska da zanen yatsu cikin na'ura a bakin iyaka, ita ce ke ƙirga kwanakin baƙo. Iyakarsu kwana 90 cikin kowane kwana 180, ko abin da aka rubuta bisa bizarka in bai kai haka ba.

Sai maganar bokiti. Gwaggo ta soya naman layya, ta cika ƙaramin bokitin roba, ta haɗa da kilishi da cuku, ta naɗe cikin zannuwa. Mun ce mata ba a shiga da shi, ta ce: "Kai ɗan nan, na kai shi Makka, na kai shi Dubai, Turawa ne za su hana ni cin ragona?" A wajen duwan na Madrid aka sa akwatin cikin na'ura, aka ce a buɗe. Ma'aikaciyar ba ta ɗaga murya ba, ta nuna mana allon da ke bango: nama da madara da duk abin da aka yi da su ba sa shiga Tarayyar Turai cikin kayan matafiyi daga ƙasashenmu, saboda tsoron cututtukan dabbobi. Bokitin ya tafi gaba ɗaya. Gwaggo ba ta yi mana magana ba har muka shiga jirgin ƙasa mai gudun tsiya da ya kai mu Alikante cikin kusan awa biyu da rabi. Garin yaji da ƙuli-ƙuli dai sun tsira, kuma sun yi mana rana.

Ƙauyen masunta da ya koma dajin benaye

Daga Alikante ƙaramin jirgin ƙasa da suke kira TRAM ke bin gaɓar teku zuwa Benidorm, tafiyar awa ɗaya da ƴan mintoci. Tun daga nesa za ka hango benaye sun yi cirko-cirko tsakanin duwatsu da ruwa, kamar an kafa tabare. Otel ɗin Bali da aka buɗe a 2002 tsawonsa mita 186, ginin Intempo da aka kammala a 2021 hawa 47 gare shi. Mutanen garin na ainihi dubu 70 da ɗoriya ne kawai, ba su kai ko rabin Maraɗi ba, amma da zafi ya shigo sai baƙi su ninka su sau da yawa, galibi ƴan ƙasar ne da ƴan Ingila.

Abin da ya ba mu sha'awa shi ne tarihin wurin, don darasin kasuwanci ne tsantsa. Har zuwa shekarun 1950 ƙauyen masunta ne, sun yi suna wajen kamun babban kifin nan tuna da raga. Sana'ar ta ja baya, samari suna ta ficewa. Magajin garin na lokacin, Pedro Zaragoza, wanda ya hau kujera a 1950, ya duba ya ga ba su da ma'adini, ba su da ruwan noma, abin da ke gare su rana ce da rairayi, mutanen arewacin Turai kuma sanyi ya ishe su. A 1956 aka fitar da tsarin garin mai faɗin tituna, daga baya aka yarda a yi gini sama maimakon a baje, don kowa ya hangi teku daga tagarsa. Ranar nan da mu muke gudu mu shige rumfa ita suka sa wa kuɗi. Gwaggo da ta ga dubban mutane kwance bisa rairayi tsakar rana sun biya kuɗin kujera da laima, sai ta ce da sun zo Damagaram cikin watan Afrilu da an ba su kyauta har da gyara.

Sunan garin ma ba baƙo ba ne ga kunnenmu. "Beni" ɗin nan da ke farkon sunayen garuruwa da dama na yankin daga Larabci ya fito, Bani wane, tun zamanin da Musulmi ke mulkin Andalus. Gaɓa biyu ce babba, Lebante da Poniyente, tsohon garin yana tsakaninsu bisa wani tsauni da ya kutsa cikin ruwa, da lunguna matsattsu da wata tsohuwar majami'a mai shuɗin tulluwa. Lebante ita ce ta hayaniya da mashaya da kiɗa har asuba. Mai tafiya da iyali ko da dattijuwa ya nemi ɗaki wajen Poniyente, ya fi natsuwa. Ba za mu ɓoye muku ba, shigar mutane a bakin ruwa ba irin wadda idonmu ya saba ba ce, tsoho da tsohuwa ma haka. Ba wanda ya kalli lulluɓin Gwaggo, mu ma muka koyi kau da kai. Wanda zai shiga ruwa ya dubi tuta: kore a shiga, rawaya a yi hankali, ja an hana. Teku ba gulbin Maraɗi ba ne, yana ja daga ƙasa.

Agogonsu ya rikita mu kwana biyu. Lokacin zafi suna gaba da Nijar da awa ɗaya, lokacin sanyi kuwa daidai muke. A ƙarshen Yuni rana ba ta faɗuwa sai wajen ƙarfe 9 da rabi na dare, ga magariba ke nan, isha kuma sai 11 ta wuce. Abincin rana ƙarfe 2 ake ci, ƙananan kantuna da ofisoshi da yawa suna rufewa daga nan har wajen 5, ranar Lahadi kuma masana'anta da banki ba a maganarsu. Wanda ya zo sari na kwana biyar ya faɗa cikin Asabar da Lahadi ya yi asarar biyu.

Wajen ci, kalmomi uku za a haddace kamar karatun allo: cerdo, jamón, chorizo. Duka alade ne, kuma Sipaniyawa suna sa shi har cikin wake da miya, wani ma bai ɗauke shi nama ba, kana cewa ba ka cin alade zai kawo maka salak da yankakken jamón bisa kai. A ce "sin cerdo", a ƙara da "sin vino", don suna girki da giya. Kifi da shinkafa sun wadata. Da rana gidajen abinci suna da abin da suke kira menú del día, kwano biyu da burodi da abin sha a kuɗi ɗaya. Mu yuro 14 muka biya kowannenmu, jika 9 ke nan, kuma shi ne mai sauƙin. Mun gano wani mahauci ɗan Maroko mai naman halal a wata unguwa bayan manyan otel, shi ya nuna mana ɗakin da ake salla a ƙasan wani bene. Duk garin da kuka sauka, ku nemi mahaucin halal, shi ne sarkin zango.

Kasuwa tana ci ranar Laraba da Lahadi da safe, rumfunan tufafi da jakunkuna da kayan marmari. A nan ana ɗan taya kaya, amma cikin kanti abin da aka rubuta shi ne. Nan ne kuma masu yankan aljihu suke, da masu cacar kofi uku da ƙwallo bisa kwali, irin ƴan karta uku na tashoshinmu: waɗanda kake gani suna ci duk yaransu ne. Fasfo da kuɗi a jiki ƙarƙashin riga, a ajiye kwafin fasfo daban, a ɗauki hotonsa a waya. Lambar neman agaji 112 ce, ko ɗan sanda ko likita ko ƴan kwana-kwana, kyauta.

Yanzu ga amsar baiwar Allah ta Tawa. Wani maraice bisa titin bakin ruwa muka ga samari baƙaƙe sun shimfiɗa zannuwa a ƙasa, sun jera tabarau da jakunkuna da rigunan ƙwallo. Kowane zane an ɗaura masa igiya a kusurwa huɗu, igiyar tana hannun mai shi. Muka yi wa ɗaya sallama, ɗan Senegal ne, muka yi hira da Faransanci. Ya ce da kwale-kwale ya shiga ta tsibiran Kanari, ba ya da takarda, su shida ke kwana ɗaki ɗaya, in an kama kayan sun tafi ke nan, ga tara, ga kotu tunda jabu ne. Muna cikin magana wani ya yi fito. Kafin mu ƙifta ido ya ja igiya, zane ya zama ƙunshi a kafaɗa, sun ɓace cikin lungu. Gwaggo ta daɗe tsaye. Ta ce yaron bai wuce sa'ar autanta ba, kuma mai tallan goro a tashar Maraɗi ya fi shi kwanciyar hankali. Bizar ɗan gajeren zama ba ta ba kowa izinin aiki ko kasa kaya ba, wanda kuma ya wuce kwanakinsa ya zama abin farauta. Wannan gaɓar ce dai kwale-kwalen da ke tasowa daga Aljeriya ke nufa, waɗanda suka iso ake ƙirgawa. Hajiya, filin nan a bar shi inda yake.

Ranar da kuɗi a hannu suka ƙi amfani

Elce tana kudu maso yamma da Alikante, tafiyar kilomita 20 da wani abu. Kafin ka ga masana'anta dabino za ka gani, itace wajen dubu 200 cikin gari da kewayensa, da magudanan ruwa da aka gada daga manoman Larabawa. UNESCO ta sa gonakin cikin kayan tarihin duniya a 2000. Ɗan Agadas ko Bilma zai ji kamar gida. Masana'antun da rumbunan sari suna bayan gari, kuma a nan abu na farko da muka gane shi ne ba duk takalmin da ke Elce ba ne aka yi a Elce. Unguwar Karus cike take da rumbunan ƴan Sin masu shigo da kaya daga ƙasarsu, har rikici ya taɓa tashi a kan haka a watan Satumba na 2004, aka ƙona wani rumbu. Wanda ya biya kuɗin jirgi har Turai ya sayo abin da zai samu a Dubai ko Kano, ya yi wa kansa dariya. A juya takalmi a karanta inda aka yi shi, a shinshina, a lanƙwasa.

Muka sami wata ƙaramar masana'anta mai aikin fata na gaske. Gwaggo ta zaɓi ƙafa 80 na mata, aka tsaya a yuro 30 kowace, jimla yuro 2.400. Ta juya baya ta kwance lalitarta ta fara ƙirga. Mai wurin ya ɗaga hannu biyu kamar an nuna masa wuta. Tun 2021 dokar Sipaniya ta hana biyan yuro 1.000 ko fiye da kuɗi a hannu in cikin masu cinikin akwai ɗan kasuwa ko kamfani, kuma raba kuɗin kashi-kashi bai fid da kai ba, ciniki ɗaya ne. Tarar kashi 25 cikin ɗari ce ta abin da aka biya, tana iya faɗa wa mai bayarwa ko mai karɓa. An ɗaga iyakar zuwa yuro 10.000 ga baƙon da ba mazaunin ƙasar ba in don kansa yake saye, amma mai sarin ƙafa 80 da faktir da sunan shagonta ba ta cikin wannan.

"Gwaggo, ya ce ba ya karɓa."

"Jabu ne ya ce?"

"A'a, doka ce. Sai ta banki."

"To ka gaya masa a garinmu mai kuɗi a hannu shi ake shimfiɗa wa tabarma."

Ba mu fassara wannan ba. Aka rubuta mana faktir na wucin gadi, muka tura wa babban ɗanta a Maraɗi ta WhatsApp, ya kai banki, banki ya nemi takardun shagon, aka shiga Asabar da Lahadi. Kuɗin ba su iso ba sai bayan kwana biyar, mun ƙara kwana uku a otel da ba mu yi lissafinsu ba, mun biya kuɗin canza tike, kuma Allah ya taimake mu bizar tana da sauran kwanaki. Da mun sani, tun daga gida za a nemi faktir ɗin, a shirya da banki, a tafi da katin banki mai aiki a waje, a kuma tambayi iyakar kuɗin waje da dokar UEMOA ta yarda matafiyi ya fita da su a hannu. Can ma, duk mai ɗauke da yuro 10.000 ko fiye, wato miliyan 6 da jika 560, dole ya bayyana su ga duwan wajen shiga da wajen fita, in ba haka ba ana iya riƙe kuɗin.

Sai lissafi. Yuro 30 kusan jika 20 ne tun takalmi bai bar Elce ba. A ɗora kuɗin dako, da duwan na gida, da mai fito da kaya, da kuɗin jirginmu mu biyu da otel. Ta ruwa ya fi sauƙi, amma tun da aka rufe iyakar Benin a 2023 kayan Nijar da yawa suka koma bi ta Lome da Burkina Faso, tafiyar ta ƙara tsawo, shi ya sa muka aiko namu ta jirgin sama. A ganinmu Sipaniya ba wurin sarin kayan talaka ba ce. Kaya ne na amare da matan manya, ƙafa kaɗan, riba mai kauri, ga wadda ta riga ta san masu sayenta da sunansu. Mai son araha ya daidaita tafiyarsa da lokacin rangwamen da suke kira rebajas, farkon Janairu da kuma Yuli.

Abu ɗaya da muka ci riba: harajin IVA, kashi 21 cikin ɗari a yawancin kaya. Baƙon da ba ya zaune a Tarayyar Turai yana iya neman a mayar masa da shi a kan tsarabar da ya saya don kansa. A nuna fasfo a kanti a nemi takardar DIVA, a filin jirgi a nuna ta ga na'ura ko ga duwan kafin a ba da akwati, kayan kuma su fita cikin wata 3. Wannan na tsaraba ne, ba na kayan sari ba; su kamfani ne ke cire harajin daga faktir in akwai shaidar an fitar da su daga ƙasar.

Da muka sauka filin jirgin Diori Hamani aka nemi katin rigakafin shawara, mai ruwan ɗorawar nan. Namu yana cikin fasfo. Na Gwaggo sai da aka zazzage jaka biyu, aka same shi naɗe cikin zanen da ta ƙunshe bokitin nama da shi. Takalman sun iso bayan kwana 12, ƙafa 80 cif. Ranar da muka je gaishe ta a rumfa mun tarar ta jera guda shida kawai a gaba, sauran suna cikin kwalayensu a ciki, ba ta fiddo su sai ga wadda ta zauna ta sha ruwa.